Sati uku ina ƙaura zuwa sabon hab, ga inda aka kwana

Salam 'yan uwa masu koyon wannan harka ta haɗa kayan gida da waya. A baya na ce zan dawo in faɗa muku yadda ƙaurar ta kaya, to ga ni, sati uku kenan ina kwashe kayana daga tsohon hab, wato akwatin da ke sarrafa fitilu da soket da sensa na gida, zuwa Home Assistant, manhajar da ke yin wannan aiki a cikin gidanka ba sai ta bi ta sabar kamfani ba, kuma har yanzu akwai sensa biyu a cikin kofin shayi a kan teburina suna jiran ranar da zan shawo kansu.

Kuɗin wata ne ya tayar da ni. Kamfanin tsohon hab ɗina ya turo saƙo wai wasu abubuwan da nake yi kyauta za su koma na biya, kuɗin kam ba wani yawa ga mai karɓar albashi da dala amma mu da naira muke nema, duk sanda dala ta motsa sai kuɗin kunna fitilar ɗakina ya motsa tare da ita, ga katin banki yau ya wuce gobe ya ƙi. Kuma an sha yin haka fa. Wink, wani kamfanin hab, a Mayun 2020 sati guda kacal suka ba mutane, ko ka fara biyan dala 4.99 duk wata ko akwatinka ya zama ado, sai da aka yi musu ca suka ɗage zuwa Yuli. Insteon kuwa, shi ma kamfanin irin wannan kaya ne, a Afrilun 2022 wayar gari kawai aka yi sabarsu a kashe babu ko sallama. Na zauna na lura akwatin ne kawai nawa, ƙwaƙwalwarsa tana gidan wani.

Kayan da na haɗa: tsohon Raspberry Pi 4, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ta daɗe a durowa, da dongul na Zigbee na Sonoff, wato ɗan abin da ake cusawa a USB don kwamfutar ta iya magana da kayan ta Zigbee, hanyar sadarwa mara waya da sensa da soket ke amfani da ita. Ita manhajar Home Assistant kyauta ce. Akwai na biya a nan ma kar in ɓoye muku, Nabu Casa, dala 6.50 a wata ko 65 a shekara, shi ke ba ka damar leƙa gidanka daga waje ba wahala kuma ya sauƙaƙa haɗawa da Alexa ko Google. Bambancin dai in ba ka biya ba babu abin da zai tsaya a cikin gida. Ni Tailscale na saka, wata manhaja mai haɗa wayata da na'urar gida ta intanet, don leƙowa daga shago, kyauta ne ga amfanin mutum ɗaya, ya ci min yamma guda kafin na gane kansa.

To ƙaurar kanta, nan ne aka sha gumi. Wallahi da farko na ɗauka kamar sauya waya ne, ka cire layi ka saka a sabuwa lambobinka su biyo ka. Ashe kowace na'urar Zigbee uwa ɗaya ta sani, tana riƙe da makullin sirrin tsohuwar hanyar, sai ka goge mata shi sannan ta yarda ta shiga sabuwa. Kayana 23 ne, kowanne da nasa salon gogewa, wannan ka danne maɓalli daƙiƙa biyar, wancan sai da tsinken allura, ƙwan fitila kuma ka yi ta kunnawa kana kashewa har ya yi ƙyafce, ina kan tsani a falo yara suna ƙirga min da ƙarfi suna ɓata min lissafi.

Kuskurena na farko, da ƙananan sensa masu batir na fara saboda su ne masu sauƙin ɗauka, na tara su gaban hab na haɗa sannan na mayar da kowanne wurinsa, kafin magariba rabinsu sun ɓace. Masu batir barci suke yi, ba sa miƙa saƙon kowa, soket da ƙwan fitila masu jan wuta kullum su ne ke karɓar saƙo su miƙa gaba. Don haka su ake fara haɗawa, na kusa da hab tukuna sannan a yi ta nisa, daga baya a haɗa kowane sensa a inda zai zauna don ya kama maƙwabcinsa. Sai da na sake aikin daga tushe.

Na biyu, na cusa dongul kai tsaye a ramin USB mai launin shuɗi. USB 3.0 yana hayaniya a 2.4GHz, daidai inda Zigbee yake. Kebul na ƙari mai mita ɗaya ya raba rigimar. Ku kuma zaɓi tasha tun kafin ku haɗa komai, Zigbee daga 11 zuwa 26 yake, ni na ajiye shi a 25 na tura WiFi zuwa 1.

Amma abin da ban gani a bayanan Turawa ba shi ne ɗauke wuta. Daren Laraba aka ɗauke, Pi yana kan inbata lafiyarsa lau, na buɗe waya sai na ga sensan get da na sito duk sun yi shiru, na fi rabin awa ina zargin batir kafin ta faɗo min cewa soket biyun da ke miƙo saƙonsu a layin wutar gari suke, wuta ta tafi gada ta karye. Washegari na kira mai wayarin muka mayar da su layin inbata, na ƙara ɗaya a baranda. Duk wanda zai yi wannan aiki a irin garuruwanmu ya zana gidansa a takarda ya yi wa soket ɗin da ke kan inbata alama, a kansu zai gina hanyarsa. Ƙwan fitila ma ban ƙara dogara da shi ba, don Hajiya in ta zo wucewa sai ta kashe makunnin bango, na ce Hajiya don Allah a riƙa barin wannan a kunne, ta ce kai da fitilarka mai aljanu, a gidan nan ba a kwana da wuta a banza. Na sa selotef a kai, ta ɓare.

Dokokin da na tsara a tsohon hab, irin fitilar waje ta kama da faɗuwar rana, ko ɗaya bai biyo ni ba, da hannu na sake rubuta su. Allah ya taimake ni na ɗauki hotonsu kafin in fara cire kaya. Sai dai jan ƙafar da na yi ya sa na biya tsohon kamfanin kuɗin wata ɗaya da ban yi niyya ba, don ban iya kashe shi rabin gida yana kansa ba.

Saura soket uku masu WiFi da har yanzu sai sun zaga ta sabar kamfaninsu, data na ƙarewa sun mutu, a hankali zan musanya su da na Zigbee in aljihu ya yarda. Su kuma sensa biyun cikin kofi suna shiga, su yi awa ɗaya su fice, na canza musu batir duk da haka. Asabar zan gwada su ta Zigbee2MQTT tunda yanzu ZHA nake kai, duka biyun manhajojin haɗa kayan Zigbee da Home Assistant ne, in akwai wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya taimaka min kafin nan.