Saƙon godiya bayan kammala gasar gem ta matasan unguwarmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, gasar ƙwallon ƙafa ta gem, wato wasan bidiyo da ake bugawa a talabijin, da muka shirya wa matasa a Tudun Wada ta ƙare lafiya ranar Asabar da ta gabata, kuma tunda yaba kyauta tukuici ne, ya zama wajibi in fito fili in gode wa waɗanda suka tsaya mana.

Godiyata ta farko ga mai unguwarmu ce, Allah ya ƙara masa lafiya. Kafin mu isa gabansa an riga an kai masa ƙorafi cewa za mu tara yara ne a kan shiririta, amma ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya gindaya sharuɗɗa biyu: ba caca, kuma da zarar an kira salla a ajiye komai. Ba mu saɓa ko ɗaya ba. Ina kuma gode wa 'yan wasan da suka zo daga Sabon Gari da Samaru da Gyallesu da cikin gari, da maƙwabcinmu mai walda da ya turo mana janaretansa a baro lokacin da aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani dattijo da ya zo da niyyar tafiya da ɗansa gida. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ga kujera, a yi mana haƙuri na minti goma." Ya zauna fuska a murtuke, yana kallon yadda yatsun yaron ke aiki ba tare da idonsa ya bar talabijin ba, da yadda ya sauya tsarin 'yan wasansa bayan an zura masa ƙwallo biyu har ya farke su duka. Yaron ya faɗi a bugun fenareti, ya miƙe ya ba abokin karawarsa hannu, tafinsa sharkaf da gumi. Da za su tafi, Baba ya ce mini ashe abin da lissafi a ciki. Baba, na gode da wannan zama.

Na yarda cewa ba a jigata a nan kamar yadda ake jigata a dambe ko kokawa, kuma iyayen da ke tsoron gem ya raba yaro da karatu suna da hujja. Sai dai a zaune ake buga dara, kuma ba mu taɓa raina gwaninta ba. Kwamitin Olamfik na duniya ya amince da hukumar wasan dara irin ta Turawa tun 1999. A gasar wasannin nahiyar Asiya da aka yi a Hangzhou ta ƙasar Sin a 2023, an raba lambobin zinare na gem kamar na sauran wasanni, kuma a 2024 birnin Riyad ya karɓi gasar gem ta duniya da kuɗin kyautarta ya haura dala miliyan 60. A ganina, abin da ke da atisaye da ƙa'ida da alƙali da haƙurin karɓar kaye ya cancanci a kira shi wasa, a kuma mutunta mai yin sa.

Ga iyayenmu mata da suka aiko da zoɓo da kunun aya, da samarin da suka kwashe kujeru suka share wurin bayan isha'i, Allah ya saka muku da alheri.