Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Kaset ɗin Jaki

Makon jiya mun tsaya a inda maigidana ya bar mini rumfar kaset a Babbar Kasuwar Yamai, ya tafi Maraɗi jinyar mahaifiyarsa. Shekarar 1995 ce. Tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 ciniki ya mutu, sai zaman kashe ƙuda.

Wata la'asar ina gwada sababbin kaya, na sa wani kaset mai suna Talking Timbuktu. Jita ta fara tafiya a hankali kamar raƙumi mai kaya. Na ce a raina kiɗan baƙaƙen Amurka ne, wanda suke kira blues, ba mai sayensa a nan. Zan cire ke nan sai wani dattijo Bazabarme, mai sayar da goro a gefenmu, ya ɗaga hannu.

"Yaro, bar shi. Ba ka ji yarenmu yake yi ba?"

"Baba, wane ne?"

"Ali Farka Toure. Farka jaki ne da yarenmu."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce Ali ɗan wabi ne, na goma a wurin uwarsa, yayyensa maza duk sun rasu suna jarirai, shi ya ƙi tafiya, sai aka laƙaba masa jaki saboda taurin rai. Nan na daina dariya, domin ni ma Ajuji kakata take kirana, dalili ɗaya.

Daga baya na bi labarinsa. An haife shi a 1939, ya tashi a Niafunke, bakin kogin Kwara a ƙasar Mali. Kafin ya taɓa jita ya ƙware da njarka, 'yar goge mai tsirkiya ɗaya kamar kukumarmu, wadda ake kiran iskoki da ita. Ya yi aiki a Rediyon Mali, kuma da ya ji John Lee Hooker, mawaƙin blues na Amurka, bai ga baƙon abu ba, kiɗan gida ya ji. Kaset ɗin nan da ya yi da Ry Cooder, makaɗin jita Ba'amurke, ya ci Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, amma mutumin gonarsa ta fi damunsa. Ya zama magajin garin Niafunke a 2004, ya rasu a Bamako a Maris na 2006.

Ranar dai sau uku na juya kaset ɗin, har batirin rediyo ya yi sanyi. Baba bai saya ba, goro biyu ya ajiye mini. Da maigida ya dawo ya ƙirga kaya, sai ya ga ɗaya babu.

Yadda muka ƙare da shi, sai mako mai zuwa.