Kafin Ka Ɗauki Kwas ɗin Kwaleji Kana Sakandare a Amurka

A jihohin Amurka da dama akwai tsarin da ke ba ɗalibin sakandare damar ɗaukar kwas a kwaleji ko jami'a tun bai kammala aji 12 ba, a lissafa masa sakamakon a wuri biyu, wato a sakandarensa da kuma a kwalejin. Jihar Minesota ta fara nata tun 1985, jihar Washinton tana da Running Start, Ohayo tana da College Credit Plus, a birnin Niyok kuma akwai College Now da jami'ar birnin ke gudanarwa tare da makarantun gwamnati. Ina rubuta wannan ne domin ƙannena da iyayensu suka kawo daga Kano ko Damagaram ko Zangon Kumasi, waɗanda wata rana za a miƙo musu takardar shiga wannan tsari a ce su kai gida a sa hannu. Na bi ta wannan hanya, na yi tuntuɓe a cikinta, kuma ba na so ku yi tuntuɓe a inda na yi.

Amfanin tsarin a fili yake, kuma ba zan rage masa komai ba. Digirin farko a nan yakan buƙaci kiredit 120, wato ma'aunin da ake lissafa yawan karatun kwaleji da shi, takardar kwalejin shekara biyu kuma 60, yawancin kwasa-kwasai kuwa kiredit 3 ne kowanne. Duk kiredit ɗin da ka samu kyauta ko a farashi mai sauƙi kana sakandare, kuɗi ne da mahaifinka ba zai fitar ba, ko bashi ne da ba za ka ci ba. Ga gidan da uba ke tuƙin mota dare da rana, yana biyan haya a nan yana kuma aika wa 'yan uwa a gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa iyayenmu ke sa hannu da murna da zarar sun ji an ce kyauta ne.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki abin a matsayin gwaji. Mu da muka fara karatu a gida mun saba da cewa yaro zai iya zana jarrabawar GCE kafin lokacinsa domin ya gwada ƙarfinsa, idan ta yi kyau ya yi amfani da ita, idan ba ta yi ba ya ajiye takardar a ƙasan akwati ya jira WAEC ko NECO, babu wanda zai tambaye shi. Kwas ɗin kwaleji ba haka yake ba. Daga ranar da aka yi maka rajista an buɗe maka takardar sakamako ta dindindin, makin da ka samu kana ɗan shekara 16 zai zauna a cikinta, kuma makarantun da za ka nema daga baya sukan buƙaci ka kawo sakamakon duk kwalejin da ka taɓa yin rajista a cikinta. Ban san haka ba, ban kuma tambaya ba. Na ɗauki kimiyyar sinadarai mai ɗakin gwaji tare da wani kwas na lissafi a zango ɗaya, domin ina so a ce ɗan gidanmu ya fara karatun likita tun yana sakandare.

A ranar farko malamin sinadarai ya raba mana takardar tsarin kwas, ya ce duk abin da muke buƙatar sani yana ciki. Na ninke tawa na cusa a bayan littafi. A cikinta aka rubuta ranakun jarrabawa, da kason makin kowane aiki, da sa'o'in da malamin ke zama a ofishinsa domin ɗalibai, da kuma cewa ba ya karɓar aikin da aka makara da shi. A sakandare malama takan bi ka har bakin ƙofa ta tuna maka aikin da ba ka kawo ba, ta kuma kira gida idan ka yi fashi, amma a can babu mai tuna maka komai, kuma waɗanda ke zaune kusa da ni manya ne, wasu da kayan aikin asibiti a jikinsu domin daga aiki suka taho. Ƙa'idar da ake auna kiredit da ita ta ɗauka cewa duk sa'a ɗaya a aji tana buƙatar aƙalla sa'a biyu na karatu a wajen aji, har tsawon makonni kusan 15. Ni kuwa ina da darussan sakandare cikakku, ina taimakawa a shago da yamma, Asabar da Lahadi kuma ina Islamiyya. Da na zauna na yi wannan lissafi a kan takarda, da na ga cewa sa'o'in ba su wanzu ba.

Abin da ya fi yi mini illa shi ne kunya. Bayan jarrabawar farko na san ruwa ya fi ƙarfina, amma ban je ofishin malamin ba domin ina ganin zai ce yaron sakandare ya shigo abin da ya fi shi, ban kuma gaya wa mahaifina ba domin ya riga ya ba abokansa labari a masallaci. Kwalejoji suna da ranar ƙarshe ta janyewa daga kwas, wanda ya janye kafin ranar akan rubuta masa harafin W, wanda ba ya shiga lissafin matsakaicin maki da ake kira GPA, wanda kuwa ya daina zuwa kawai ba tare da ya janye a rubuce ba yakan tashi da F. Ranar ta wuce ina ta gaya wa kaina cewa zan gyara a jarrabawa ta gaba. Na fita da F a sinadarai da C a lissafi. Ku rubuta ranar ƙarshe ta janyewa a bangon ɗakinku tun makon farko, ku kuma tambayi ko akwai kuɗi a cikin lamarin, domin a Ohayo, alal misali, makaranta za ta iya neman iyali su biya kuɗin kwas ɗin da ɗalibi ya faɗi ko ya makara wajen janyewa.

Iyayena ba su ji komai daga kwalejin ba har zangon ya ƙare, kuma wannan ba sakacin kowa ba ne. Dokar sirrin bayanan ɗalibai ta Amurka, wadda ake kira FERPA, ta mayar da haƙƙin bayanan karatun kwaleji ga ɗalibin kansa ko da bai kai shekara 18 ba, saboda haka kada ku sa ran malamin kwaleji zai kira gida. Ma'anar wannan ita ce mai yiwuwa babu wanda zai sanar da Baba ko Umma cewa kuna cikin matsala sai ku da bakinku. Faɗan da za a yi muku a tsakiyar zango ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan shirun da gidanmu ya yi ranar da sakamako ya fito.

Da na gama sakandare na ci gaba a wannan kwalejin, sai na tarar da F ɗina tana jirana. Tallafin karatu na gwamnatin tarayya yana da sharaɗin ci gaba mai gamsarwa, wanda a yawancin makarantu yake nufin GPA kada ya gaza 2.0, kuma ɗalibi ya ci kusan kashi 67 cikin ɗari na kiredit ɗin da ya ɗauka. Na shiga shekarar farko ina ƙasa da duka biyun, na yi ta fafutukar fitowa daga ramin da na haƙa wa kaina, na kuma maimaita kwas ɗin da na yi gaggawar ɗauka. Sauri ya haifi nawa. Mai burin karatun likita ya ƙara lura, domin tsarin neman gurbi a makarantun likitanci na Amurka, wanda ake kira AMCAS, yana lissafa duk kwas ɗin kwaleji da mutum ya taɓa ɗauka, har da na lokacin sakandare, kuma idan ka maimaita kwas yana ƙirga tsohon makin da sabon gaba ɗaya.

Ko wanda ya ci da kyau yana da tambayar da ya kamata ya yi tun da wuri, wato ko jami'ar da yake hari za ta karɓi kiredit ɗin. Jami'o'in gwamnati na jiha ɗaya sukan karɓa daga junansu cikin sauƙi, amma wasu jami'o'i masu zaman kansu ba sa karɓar kwas ɗin da aka koyar a cikin ginin sakandare ko wanda aka riga aka lissafa wajen kammala ta, wasu kuma sukan karɓa a matsayin kwas na zaɓi wanda ba ya rage maka komai a fanninka. Ku rubuta wa ofishin rajista na jami'ar ku tambaya, ku ajiye amsar. Wanda bai tabbatar da ƙarfinsa ba kuma yana iya fara gwadawa da darussan AP, wato darussa masu matakin kwaleji da ake koyarwa a cikin sakandare, waɗanda ake zana jarrabawarsu a watan Mayu a ba da maki daga 1 zuwa 5, domin ƙaramin maki a can ba ya buɗe maka takardar kwaleji.

Ra'ayina shi ne ku shiga tsarin, amma da kwas ɗaya tak a zangon farko, a fannin da kuka riga kuka fi ƙarfi, kuma zai fi kyau ya kasance cikin waɗanda kusan kowane digiri ke buƙata, kamar rubutun Ingilishi na shekarar farko. Ku duba kalanda ku ga ko azumi zai faɗo a makonnin jarrabawa, ku auna tafiyar bas tsakanin makarantun biyu, ku je ofishin malamin a makon farko ku gabatar da kanku tun ba ku da matsala. Idan zangon ya ƙare kuma kada ku yar da takardar tsarin kwas, domin jami'ar da za ta tantance kiredit ɗinku bayan shekara biyu za ta iya neman ganin abin da aka koyar da ku kafin ta amince.