Gilashin Kyamarar da Ya Iya Ɗakin Amarya

Hoton biki nake ɗauka a Kano, kuma rabin aikinmu a ɗakin amarya yake: wuri matsattse, ƙwan lantarki ɗaya, ƙawaye sun cika ko'ina. Gilashin (wato lens) 18-55 da ke zuwa da kyamara ba ya iya wannan wuri, don da ka jawo hoto kusa sai idonsa, wato kafar da haske ke shiga, ya tsuke zuwa f/5.6, haske ya ragu (in lambar f ta ƙaru, idon tsukewa yake). Shi ya sa kafin in fitar da kuɗina na ari gilasai wajen abokan sana'a, na gwada su a fuska ɗaya da haske ɗaya.

In aka dubi farashi, Canon 50mm f/1.8 STM, wanda ya fito a 2015, ya fi kwanta mini. Nauyinsa giram 160 ne kawai. In idonsa a buɗe yake duka hoton kan ɗan yi laushi, amma da na rage zuwa f/2.8, sai ga zanen lalle a yatsun amarya layi-layi, har da zaren aikin mayafinta. Sigma Art 50mm f/1.4 ya fi shi kaifi, babu musu. Sai dai nauyinsa ya haura giram 800, kuɗinsa kuma ya ninka na Canon sau da yawa, ga shi hoton da zai ƙare a albam ko WhatsApp dangin amarya ba za su ga bambancin ba.

Inda 50mm ya gaza shi ne faɗi, don in lambar mm ta ƙaru, faɗin wurin da gilashi ke ɗauka raguwa yake. Kyamarata mai ƙaramin sensa ce (abin da ke kama hoto a cikinta), saboda haka yana ɗauka kamar 80mm. Ka yi ta ja da baya har bango ya tsayar da kai, rabin ƙawaye ba su shiga ba. A nan Sigma 18-35mm f/1.8 na 2013 ya ci kuɗinsa. Shi ma nauyi gare shi, amma yana kwashe ɗakin duka ba tare da filasha ta kashe kwalliya ba. Shi na saya, na haɗa da ƙaramin Canon ɗin.

Masu Nikon D3500 ko D5600 su kula: 50mm f/1.8D ya fi araha, amma ba ya fokas, wato saita hoto ya fito tar, da kansa a kan waɗannan, sai mai harafin G. In kuma na hannu za ka saya, haska tocilan ta bayansa ka duba. 'Yar ƙurar hunturu ba ta ɓata hoto, amma in ka ga farin zare-zare a ciki, fumfunar danshi ce, ka mayar wa mai shi.