Sharon ta shiga gonar Kawu

Laraba, 25 ga Mayu, 2016

Da hantsi na isa Kadawa, na iske Kawu zaune a bakin hanyar ruwa, ya ajiye abin feshi a gefe.

"Sannu da aiki, Kawu."

"Wane aiki, ɗana? Shiga ka gane wa idonka."

Gonar tumatirin nan kamar an bi ta da wuta. Ya tsinko ganye ɗaya ya ɗaga wa rana, sai ga farin tabo, a cikinsa 'yar tsutsa da ba ta kai santimita ɗaya ba. 'Ya'yan ma duk ta huda su, suna ruɓewa tun suna jikin uwa. Sharon ke nan, wadda malaman gona ke kira Tuta absoluta.

Malamin gonar da ya zagayo da azahar ya ce asalinta daga Kudancin Amurka ne. A 2006 aka fara ganinta a Sifen, ta ƙetaro Arewacin Afirka, ta bi ta Nijar, bara ta ɓulla a ƙasar nan. Uwar ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare, guda ɗaya kan saka ƙwai har 260, kuma a zafin nan wata guda ya isa ƙwai ya zama uwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar feshi. Tsutsar a cikin naman ganye take zaune, magani yana sauka a bayansa bai taɓa ta ba, ga shi ta riga ta saba da yawancin magungunan da ke kasuwa. Kawu har awakinsa ya sayar, duk lokacin da ya koma shago a ce masa ya ƙara ƙarfin haɗi. Babu wanda ya taɓa gaya masa akwai tarko mai ƙamshin mace da ke janyo mazan, sai yau da aikin gama ya gama. Wallahi na ji zafin wannan.

Da yamma rediyo ke cewa gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci kan tumatir. Azumi saura ƙasa da mako biyu, Inna tuni ta koma busasshen kauɗa da na gwangwani.

Gobe in Allah ya kai mu za mu tuge shukar mu ƙone, kamar yadda malamin ya ce. Bayan isha'i Kawu zai bi maƙwabtan gona gida-gida, don in ba su ƙone nasu ba, daga can za ta sake dawowa.