Kamfani ashirin a dare ɗaya

Ɗan yayata ya zo hutun Disamba daga Ingila, inda yake shekara ta biyu a karatun lauya. Shekaranjiya bayan isha'i na leƙa falon mahaifiyarsa, na same shi zaune a ƙasa ya jingina da kujera, kwamfuta a cinya, waya a hannu. Na ce me ake yi haka, ko ɗaga kai babu? Ya ce, "Kawu, fom ɗin neman zaman hutu a kamfanonin lauyoyi nake cikewa. Ashirin nake so in tura kafin in kwanta." Zaman hutu shi ne ɗan gwajin aiki da ɗalibi ke yi a kamfani lokacin hutun makaranta. Na karɓi kwamfutar na duba. Tambayar da ke sama ita ce me ya sa ka zaɓi kamfaninmu. Amsar da ke ƙasa ChatGPT ne ya rubuta masa, Turanci sumul, babu tuntuɓe ko ɗaya. Amma in ka cire sunan kamfanin ka sa na wani, ba abin da zai canja. Kuma abin da yake yi ke nan, ya cire suna, ya sa suna, ya tura.

Gabana ya faɗi, domin a watan Janairun 2012 ni ma haka na kwana ina yi a ɗakina na ɗalibai. Bambancin kawai ni da hannuna na rubuta tawa amsar.

Ga wanda bai san tsarin ba, a Ingila aikin lauya kashi biyu ne. Akwai barista, wanda galibi shi ke tsayawa gaban alƙali, akwai kuma solisita, wanda ke zama da mai ƙara ko ɗan kasuwa, ya tsara yarjejeniya, ya riƙe fayil. Mu a Najeriya rana ɗaya ake rantsar da mutum a matsayin duka biyun, shi ya sa abin ke rikita yaranmu in sun je. A zamaninmu, wanda ke son zama solisita sai ya gama digiri, ya yi kwas na shekara guda da ake kira LPC, sannan ya yi shekara biyu yana koyon aiki a wani kamfani, yawanci wata shida-shida a sassa huɗu. Wannan kwantiragin horon shi ne ƙofar, kuma manyan kamfanoni tun saura shekara biyu a fara suke ɗaukar mutanensu. Da yawansu daga cikin ɗaliban da suka yi musu zaman hutu na mako ɗaya ko biyu suke zaɓa. Ɗalibin lauya a shekararsa ta biyu ya kamata ya nema, ana buɗewa da kaka, a rufe wajen Disamba ko Janairu.

Duk wannan ban san shi ba sai da na shiga shekarar ƙarshe. Na tafi a 2009 da tunanin gida: ka gama karatu tukuna, ka karɓi takardarka, sannan a kai ka wurin wani babba ya yi maka hanya. A shekarar farko wani ya ce mana makin bana ba ya shiga lissafin digiri, a ci 40 kawai a wuce. Gaskiya ya faɗa, haka tsarin jami'o'i da yawa yake. Abin da bai faɗa ba shi ne fom ɗin kamfanoni yana tambayar makin kowane darasi tun daga shekarar farko, ɗaya bayan ɗaya. Na ci 48 a dokar kwantiragi, kuma wannan 48 ɗin ta bi ni duk inda na nema, duk da na fito da digiri mai daraja ta biyu babba. A shekara ta biyu an yi bajekolin kamfanoni a harabar jami'a. Na ratsa ta wurin na karɓi biro da jaka na fita. Abokan karatuna 'yan ƙasar suna tsaye suna ta hira da lauyoyi suna rubuta sunayensu, ni kuwa ina ganin fadanci ne.

Wani lokaci ina yi wa kaina uzuri, kuma uzurin ba ƙarya ba ne. Wa zai gaya mini? A gidanmu babu lauya. Ina aikin sa'a 20 a mako, iyakar abin da bizar ɗalibi ta yarda, ina jera kaya a kanti da dare don kada in riƙa damun mahaifina da kuɗin haya. Yaron da ubansa ke aiki a birnin Landan tun a teburin cin abinci ya ji waɗannan abubuwa. Amma kuma ofishin ba da shawara kan sana'a yana nan a jami'ar, kyauta, ƙofarsa a buɗe, kuma sau nawa na wuce ta gabansa? Girman kai ne ya hana ni shiga in ce ban sani ba.

Da na farga sai na rikice. A dare biyu na tura wa kamfani fiye da talatin amsa iri ɗaya. A guda ɗaya na manta ban canja sunan ba, na yabi wani kamfani a cikin takardar abokin hamayyarsa. Na gani ne bayan na danna, kuma babu hanyar janyewa. Wasu sun aiko da jarrabawar auna tunani ta Watson Glaser, na yi ta ba tare da na taɓa gwada irinta ba. Saƙonnin ba da haƙuri suka yi ta shigowa, wasu ko amsar ma ba su aiko ba. Guda ɗaya tak ya kira ni, matsakaicin kamfani a wajen Landan, kuma shi ne kaɗai wanda na zauna na rubuta wa amsa ta daban, saboda na taɓa karanta wata shari'a da suka yi.

Mako biyun da na yi a can su suka fi tsaya mini a rai. An zaunar da ni ofis ɗaya da wata lauya mai kirki. Ta ba ni kwantiragin hayar shago ta ce in taƙaita mata sharuɗɗan fita daga yarjejeniyar. Ban gane abin da take so ba, amma na ce to. A gida an koya mana ba a yi wa babba tambaya biyu, kuma ba a kallon idonsa. Na yi kwana biyu ina rubuta shafi shida a kan abin da ba ta tambaya ba. Ta karanta, ta ɗago ta ce me ya sa ban tambaye ta ba tun farko, minti biyu ya isa. Na sunkuyar da kai na yi shiru, ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin ban damu ba.

Ranar Juma'a ta farko kuwa na sulale na tafi masallaci ban gaya wa kowa ba. Masallacin da nisa, na yi fiye da awa ɗaya da rabi. Ashe ɗaya daga cikin masu kamfanin ya aiko a kira ni in zauna a ganawarsa da wani ɗan kasuwa, damar da ba kowa ake ba ba. Aka neme ni sama da ƙasa. Ban yi nadamar zuwa sallah ba, kuma ko yau aka maimaita zan je. Abin da nake nadama shi ne ɓoyewar. Na ji tsoron kada su ga na cika addini, sai na zaɓi su ga ba ni da amana. A Juma'a ta biyu na gaya wa matar tun da safe, ta ce ba komai, ta rubuta a kalandarta. Shi ke nan abin da na ji tsoro.

A intabiyun ranar ƙarshe mai kamfanin nan ya tambaye ni: in ɗan kasuwa zai sayo kaya masu yawa daga wata ƙasa, me zai hana shi barci? Na shiga jero kalmomin da na haddace daga jaridun kuɗi. Ya saurara, ya gode mini. Sai a jirgin ƙasa ina komawa abin ya faɗo mini. Mahaifina shekara talatin yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Tun ina firamare nake zama a shago ran Asabar. Na ga yadda farashin dala a Wapa ke cinye ribar kwantena guda kafin ta iso daga Chaina. Na ga rigimar da aka yi da ruwa ya shiga diloli a hanya, kowa yana cewa ba a hannunsa kaya suka lalace ba. Na ga an ba mutum kayan miliyoyi bashi da baki kawai, na kuma ga dattawan kasuwa sun zauna raba gardama da ya kasa biya. Wannan shi ne ainihin sanin kasuwar da suke ta nema a fom ɗinsu, kuma na fi duk ɗaliban da ke ɗakin saninsa. Amma ko a layi ɗaya ban ambaci Kwari ba, don ina ganin abin kunya ne a gaban Bature mai kwat.

Ba su ɗauke ni ba. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na kira mahaifina na ce in na yi LPC komai zai buɗe. Kuɗin ya haura fam 10,000, ban da haya da abinci. Ya sayar da fili ya turo, bai tambaye ni komai ba. Ban gaya masa cewa wanda babban kamfani ya ɗauka, kamfanin ne ke biya masa wannan kwas har ya ba shi kuɗin kashewa ba. A watan Afrilun 2012 kuma aka rufe bizar da ke bai wa ɗalibi damar zama ya yi aiki bayan karatu. Wannan ba laifina ba ne, kuma ya karya mutane da yawa da suka fi ni ƙoƙari. Sai dai na san da rufewar kafin in karɓi kuɗin filin. A 2013 na dawo, na shiga Makarantar Horon Lauyoyi a Bwari na yi kashin farko da ake wajabta wa waɗanda suka yi karatu a waje, na yi na biyu, na yi bautar ƙasa. Alhamdulillahi ina cin abinci da aikin lauya. Filin dai ban iya mayar masa ba har Allah Ya yi masa rasuwa.

Na zauna da niyyar rubuta wa yaranmu da ke can shawarwari goma. Da na zo rubutawa sai na ga ba su kai haka ba.

Ku daina tura fom ashirin. Ku zaɓi shida ko bakwai, ku san aikin da kowanne yake yi, da su wa yake yi wa, ku rubuta abin da in an sa shi a takardar wani kamfani ba zai zauna ba. Ku tura da wuri, don wasu tun kafin ranar rufewa suke fara cike gurbi. Ni abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu shi ne komai yana tafin hannunku. Mu sai mun je laburare mun ɗauko kundin kamfanoni. Ku kuwa wayar da za ta nuna muku duk wannan a minti biyar, ita kuke kwana da ita kuna kallon bidiyon rawa, sannan ku ce na'ura ta yi muku tunani. Mai karanta fom ɗin nan ɗaruruwa yake karantawa, kuna zaton ba ya gane muryar na'ura?

Amma kuma shida ɗin kada su zama manyan kamfanonin Landan irin su Clifford Chance da Linklaters da Freshfields da Slaughter and May da A&O Shearman kawai, don sunayensu ake yayi a LinkedIn. Kujerun kaɗan ne, masu nema dubbai. Wataƙila ma shida ta yi kaɗan ga wanda ke buƙatar kamfani mai lasisin ɗaukar nauyin biza, domin ƙananan ofisoshi da yawa ba su da shi. To ku ƙara, ku kai goma ko sha biyu, amma ku bincika maganar bizar kafin ku ɓata dare a kan fom.

Kada ku karɓi kuɗin iyayenku ku biya kwas alhali babu wanda ya ɗauke ku. Na san tsarin ya canja tun 2021 da aka kawo SQE, sabuwar jarrabawar zama solisita. Kashin farko tambayoyi 360 ne na zaɓi, na biyu gwajin aiki ne a rubuce da baki, kuma shekara biyun koyon aikin yanzu ana iya haɗa ta a wurare har huɗu, ciki har da ofishin taimakon shari'a na jami'a, in dai solisita ya sa hannu. Bizar bayan karatu ma ta dawo a 2021, shekara biyu, kodayake gwamnati ta sanar za ta rage ta zuwa wata 18. Don haka wanda ya biya da kansa yau yana da hanyar da ni ban samu ba, ba zan ce masa ya yi wauta ba. Amma ya zaunar da mahaifinsa ya gaya masa gaskiyar lissafin, har da yiwuwar kuɗin su tafi a banza.

In kun samu shiga, ku buɗe baki. Ku yi tambaya, ku gaida sakatariya kamar yadda za ku gaida mai kamfanin, ku faɗi lokacin sallarku tun ranar farko. In an fita liyafar yamma ku je ku riƙe lemo ku yi hira rabin awa ku tafi, in kuma zuciyarku ba ta kwanta da wurin ba ku ba da uzuri a fili. Tarbiyyar gida ba ta ce ku zama kurame ba. Wasunku kuma matsalarsu akasin tawa ce, ba kunya ba ladabi, yaro ya yi kwana uku a ofis ya fara gyara wa wanda ya shekara ashirin yana aiki.

Duk wannan na faɗa wa ɗan yayata a daren, wataƙila da faɗa fiye da yadda ya kamata, har mahaifiyarsa ta leƙo ta ce in sassauta. Ya ce, "Kawu, ai na riga na tura bakwai." Na ce sauran sha ukun fa? Ya yi shiru. Jiya da safe na ɗauke shi muka je Kwari, shagon kakansa da ƙanena ke riƙe da shi yanzu. Na bar shi a kan benci da littafin bashi a gabansa, ƙanena yana yi masa bayanin kwantenar da ta maƙale a tashar jirgin ruwa tun watan jiya da kuɗin ajiyar da ke hawa kullum. Da na dawo ɗaukarsa da la'asar na tarar yana rubutu a bayan wata takardar rasit. Fom na gaba ranar 5 ga Janairu za a rufe shi.