Lahadi, 12 ga Oktoba 2025: gaban dandamalin nake kallo

Yau an tashi da daɗi. Wuta ta kwana, Hajiya ta aiko da waina tun kafin bakwai, yara suka cinye ta da zafinta. Damina ta ja jiki, sai zafin kaka da rana.

Wajen sha ɗaya Auta ya shigo shago da waya a hannu, bakinsa har kunne. Jiya Asabar ne mawaƙin Amurka Travis Scott ya yi wasansa a filin FNB na Johannesburg, cikin zagayen da ya sa wa suna Circus Maximus, bidiyoyi sun cika ko'ina. Ya ce, "Yaya, kalli nan. Mutumin da aka ce ya gama yawo, ga shi ya cika filin da aka yi wasan ƙarshe na Kofin Duniya." Na karɓi wayar na duba. Hayaƙi, wuta, dubban wayoyi a sama. Abin ya tsaru, ban musa ba. Sai na ce masa ni gaban dandamalin nake so in gani, inda mutane suke tsaye. Ya ce, "Haba Yaya, har yanzu maganar Houston? Ai turmutsitsi ne, 'yan kallo ne suka tattake junansu. Shi waƙa kawai ya je yi."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai har yanzu da nake rubutu.

Ba tattake juna aka yi ba. Ranar 5 ga Nuwamba 2021, a bikinsa na Astroworld da aka yi a filin NRG Park na birnin Houston, mutum kusan 50,000 ne suka taru, goma suka rasu, ƙaraminsu ɗan shekara 9, babbansu 27. Likitocin da suka duba gawarwakin sun ce matsewar ƙirji ce ta kashe su. Idan aka matse mutum gaba da baya, duk numfashin da ya fitar sai ƙirjin ya ƙara shiga ciki, kuma babu sararin da haƙarƙari zai buɗe ya ja wani. A haka yake suma, wani ma yana tsaye, don babu wurin faɗuwa. Ƙwaƙwalwa kuwa minti 4 zuwa 6 ba iska ta fara lalacewa. Babu wanda ya yi gudu balle ya taka wani da gangan. Na ƙarshen baya bai ma san abin da ke faruwa ba, shi dai ya ga ɗan wuri a gabansa ya matsa.

Na ɗauko alli na zana wa Auta murabba'i a ƙasa, mita ɗaya kowane gefe. Mutum biyu a ciki suna rawa su juya. Huɗu, kafaɗa na taɓa kafaɗa amma kowa ƙafarsa na ƙasa. Ƙa'idar filayen wasa ta Ingila ta tsaya a mutum 47 cikin murabba'in mita 10, wato ba a kai biyar ba. Daga shida zuwa bakwai taron ya zama kamar ruwa a kwano: a tura daga can, igiyar ta taho har nan, ta ɗaga mutum ta ajiye shi wani wuri ba da sonsa ba. Takalmi ya cire, hannun da yake ƙasa ba ya ɗaguwa. An taɓa auna ƙarafunan da irin wannan matsi ya lanƙwasa, aka samu ƙarfin ya haura nauyin kilo 450. Idan kuma mutum ɗaya ya zube, ramin da ya bari shi ke jawo na kusa da shi su rufta a kansa.

Lissafin tikiti kaɗai ba ya ceton kowa. A ce filin tsayuwa mita 60 ne da 40, murabba'in mita 2,400 ke nan. A cire rumfar masu sauti da hanyoyin agaji, a ce saura 2,000, a ninka da huɗu, mutum 8,000. A takarda lafiya lau. Amma mutane ba sa bazuwa daidai kamar shuka, kowa gaba yake so. Baya sai ta zama fili, gaba ta kai bakwai. A Houston an sa agogo a babban allo yana ƙirga mintunan da suka rage Travis Scott ya fito, wasan da ake yi a dandamali na biyu kuma ya riga ya tashi, don haka jama'a duka suka kwararo wuri guda. Yawancin waɗanda suka rasu a ɓangare ɗaya suke, wanda shinge ya kewaye ta gefe uku. Hanyar shiga ita ce hanyar fita, kuma ta nan ake ta ƙara shigowa.

Shingen gaban dandamali shi ne abin da na fi duba wa a kowane bidiyo. Na kirki tsayinsa kusan mita 1.2 ne, yana da faranti a ƙasa wanda 'yan kallo ke takawa, nauyinsu ne ke riƙe shi kada ya kife. Ta baya akwai matakala da ma'aikaci zai hau ya ciro wanda ya galabaita ta ƙarƙashin hammata, ya miƙa shi ga masu agaji. Ana jera shi tsakiyarsa ta lanƙwaso zuwa wajen jama'a, don matsi ya zame ya tafi gefe inda ƙofofi suke. Idan aka yi masa kusurwa ko lungu, an haɗa tarko. Sai shinge na biyu a tsakiya da ke raba filin gida-gida, kowane gida da launin abin ɗaurawa a hannu, idan adadin ya cika a rufe. Wannan ne amfanin filin ƙwallo a kan buɗaɗɗen fili: mafi yawan mutane suna kan kujeru masu lamba, ƙofofi suna ƙirga masu shiga, na ƙasa kuma an san yawansu. Fita ma da lissafinta, mutum 82 a minti ta ƙofa mai faɗin mita ɗaya idan ƙasa a shimfiɗe take, 66 idan matakala ce. Amma filin ƙwallo ba laya ba ne. A Johannesburg ɗin nan, a Ellis Park, mutum 43 suka mutu a Afrilun 2001, wata guda bayan haka kuma sama da 120 a filin Accra.

Auta ya ce to ai na ba shi gaskiya ke nan, laifin masu shiryawa ne. Nan muka fi daɗewa.

Gaskiya ne mawaƙi ba ya gani sosai, fitilu na haska masa ido, kunnuwansa biyu a toshe da na'urar da yake jin kiɗa. Shi ya sa ake ware mutum ɗaya tak, da sunansa a rubuce, wanda idan ya ce a tsaya an tsaya, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Masu leƙe suna sama suna duba inda kawuna suka fara kaɗawa tare, su faɗa ta oba-oba. Shi kuma ya sa a kashe kiɗa, a kunna farar fitila, a bar makirufo ɗaya a buɗe, a gaya wa mawaƙin a kunne ya ce kowa ya ja baya taku uku. Duka bai kamata ya wuce minti ɗaya ba. A Houston hukuma ta ayyana cewa mutane da yawa sun jikkata da ƙarfe 9:38 na dare, amma wasan bai tsaya ba sai bayan goma. Fiye da rabin awa. Kundin tsarin bikin mai shafi 56 ya tanadi abin yi idan an yi harbi ko guguwa, bai tanadi na matsin jama'a ba.

Amma ban wanke Travis Scott ba, na kuma faɗa wa Auta haka. A 2015 an kama shi a Chicago saboda ya zuga 'yan kallo su tsallake shinge, a 2017 aka sake kama shi a Arkansas kan makamancin haka, duka biyun ya amsa laifi. Wanda ya gina sunansa a kan haukata taro, dole a yi masa tsari fiye da na kowa, kuma shi ne ya kamata ya fara nema. Ya ce bai san an mutu ba sai bayan ya sauka. Masu taimaka wa kotu a Texas sun ƙi tuhumarsa a Yunin 2023, ƙararrakin iyalan mamatan kuma aka sasanta su a wajen kotu. A Agustan 2023 ya yi wasa a Rum gaban mutum kusan 60,000, sannan filin SoFi da ke yankin Los Angeles ranar 5 ga Nuwamba 2023, shekara biyu cif da ranar. Wannan kwanan watan ya daɗe yana damuna. Yaron nan ɗan shekara tara a wuyan mahaifinsa yake kallo, uban ya suma, yaron ya faɗo. Hanifa tamu tara za ta cika a watan gobe.

Auta ya yi shiru, ya karɓi wayarsa. Can ya ce, "To Yaya, idan mutum ya samu kansa a ciki fa?" Na ce ya ɗaga hannuwa ya kare ƙirji kamar ɗan dambe, kada ya sunkuya ɗaukar komai ko waya ce, kada ya yi kokawa da igiyar, kada ya ɓata numfashi wajen ihu. Duk lokacin da matsi ya ɗan lafa ya zame gefe a karkace, ya nisanci shinge da bango. Idan ya faɗi ya kwanta ta gefe ya dunƙule. Tun da ya ji ana taɓa shi ta ko'ina huɗu, lokacin fita ya yi.

La'asar Kawu ya biyo, bai zauna ba. Maganar filin nan dai, sai Laraba.

Janareta ya sake shan mai fiye da ƙa'ida. Ban kira mai gyara ba.

Mako mai zuwa Travis Scott a Delhi zai yi wasa, kwana biyu a filin Jawaharlal Nehru. Na ce wa Auta idan bidiyo ya fito ya nemo mini wanda aka ɗauka daga kujerun sama. Zanen allin yana nan a ƙofar shago, na hana yara su share.